Sayen Injin Aski Daga Ƙasar Waje Ta Intanet: Amsa Ga Mai Fama Da Ƙurajen Aski

"Assalamu alaikum Malam. Duk lokacin da na yi gyaran fuska da reza sai ƙuraje su feso mini a wuya da ƙarƙashin haɓa, ga shi kuma na gaji da zuwa shagon aski kowane mako. Ina so in yo odar injin aski na lantarki daga ƙasar waje, domin na ga farashinsu a AliExpress da Amazon kamar ya fi na kasuwa sauƙi, sannan ina tsoron a sayar mini da jabu a nan gida. Wanne ya kamata in saya, kuma me zan kiyaye don kada kuɗina su tafi a banza?" Daga wani mai karatu a Zariya.

Wa alaikumus salam. Tambayarka, ɗan'uwa, ta haɗa abubuwa biyu waɗanda kowannensu yake da nasa hukuncin: wane irin inji ne zai dace da gashinka da fatarka, sannan ko yo odarsa daga waje ya fi sayensa a gida. Sana'ata ita ce gyaran kilifa da ƙananan injunan aski da sayar da kayan gyaransu, kuma abin da na lura da shi shi ne, mafi yawan injunan oda da ake kawo mini ba a hanya suka lalace ba, ba kuma damfarar masu su aka yi ba. Sun iso lafiya lau cikin kwalinsu, sai dai wani wutarmu ce ba ta karɓe shi ba, wani fatar mai shi ce ta ƙi shi, wani kuma bakinsa ne ya dakushe aka nemi na canji aka rasa. Mai saye yakan zuba hankalinsa duka a kan ko kayan zai iso, alhali babbar tambayar ita ce ko zai yi aiki bayan ya iso, kuma har zuwa yaushe. Saboda haka zan fara da injin kansa kafin in zo kan maganar kuɗi da masu sayarwa.

Wane inji fatarka take buƙata

Injunan da za ka gani a waɗannan shafuka aikinsu ya bambanta, ko da yake masu talla sukan jera su a wuri guda. Akwai kilifa irin ta shagon aski, wadda take da haƙora biyu, ɗaya a tsaye ɗaya yana kai-komo a kansa, aikinta kuwa rage doguwar suma. Akwai ƙaramarta mai siraran haƙora, wadda ake fitar da layi da gyaran saje da gashin baki da ita, tana sauka kusa da fata amma takan bar ɗan tsiro. Sai kuma injin da yake share gashi har ƙasa kamar reza, shi ma iri biyu ne. Ɗaya yana da siririyar raga ta ƙarfe mai ƙananan huji, gashi ya leƙa ta hujin, wuƙaƙen da ke ƙarƙashi su datse shi, kuma irinsa ne Braun na Jamus da Panasonic na Japan suka shahara da shi. Ɗayan yana da kawuna masu zagaye, galibi uku, waɗanda wuƙaƙensu suke juyawa a ciki, shi kuma Philips na ƙasar Holan ne ya fito da shi tun 1939.

Dalilin da ya sa wannan bambanci ya shafe ka shi ne yadda ƙurajen aski suke samuwa. Gashin yawancinmu murɗaɗɗe ne, ba ya fitowa a miƙe. Idan aka yanke shi daidai da fata ko ƙasa da ita, bakinsa yakan zama mai tsini, yana tsirowa sai ya lanƙwasa ya soki fatar da ke gefensa, ko ma ya kasa fitowa ya ci gaba da girma a ciki. Jiki kuma sai ya ɗauke shi tamkar ƙaya, wurin ya kumbura, ya yi ja, ya yi ƙaiƙayi, idan ya warke ya bar baƙin tabo. Ke nan abin da masu talla suke alfahari da shi, wato inji mai share gashi tas har ba a jin komai idan an shafa, shi ne ainihin abin da yake haddasa maka ciwon. Wasu injunan ma an ƙera su ne su ɗan ɗago gashi kafin su yanke shi domin ya koma ƙasa da fata, wanda ya yi wa mai miƙaƙƙen gashi daidai, amma ga mai irin wuyanka ƙarin matsala ne.

A ganina, mutumin da yake gyaran fuska sau ɗaya a mako kuma yake fama da ƙuraje, ƙaramar kilifa mai kyau wadda za ta bar masa tsiron da ya kai rabin milimita zuwa milimita ɗaya ta fi masa amfani a kan injin raga mai tsada. Fuskar ba za ta yi sumul kamar ta reza ba, amma daga nesa kaɗan babu mai ganewa, gashin kuma yana nan a waje bai sami damar komawa cikin fata ba. Injin raga yana da wani sharaɗi da ba a faɗa a talla: ba ya kama gashin da ya yi tsawo ya kwanta, sai tsiron kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya bar gemunsa mako guda ya ɗora masa raga, zai yi ta gogawa a wuri ɗaya har fatar ta yi zafi, gashin kuma yana nan. Abin da ya sa ke nan za ka ga masu aski sai sun sauke suma da kilifa tukuna kafin su bi da injunan raga irin su Andis ProFoil ko Wahl Finale, waɗanda aka yi su domin ƙarasa askin ƙwal-kwabo. Akwai kuma Philips OneBlade, wanda yake tsakanin kilifa da reza, ba ya sauka ƙasa sosai, kuma na ga ya karɓi mutane da dama masu irin matsalarka. Sai dai kamfanin da kansa ya ce a canza bakinsa kimanin duk wata huɗu, saboda haka kuɗin baki yana cikin lissafi tun ranar farko.

Iyakar abin da zan iya faɗa a nan shi ne abin da ya shafi ƙarfe da yadda yake taɓa fata, domin ni ba likita ba ne. Idan ƙurajen suna mugunya, ko sun fara tauri suna haɗewa, musamman a ƙeya, to sai ka ga likitan fata kafin ka sayi komai, kuma kada ka ɗora sabon inji a kan fatar da ba ta warke ba. Mallakar injinka na kanka kuwa tunani ne mai kyau ko da babu ƙuraje, domin makero da ciwon hanta nau'in B suna iya yaɗuwa ta kayan askin da aka yi tarayya a kansu ba tare da tsabtacewa ba. Wannan dalilin ne kuma ya sa ba na ba kowa shawarar sayen injin aski na hannu, komai arahar da aka yi masa a eBay, sai idan zai saka masa sabon baki.

Wutarsu da tamu

Nan ne aka fi yin asara, kuma asarar da minti ɗaya na karatu zai hana. Wutar gida a Nijeriya ƙarfinta 230V ne, tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, abin da ake rubutawa 50Hz. Ta Amurka da Kanada 120V ce a kan 60Hz, ta Japan kuma 100V. Duk injin da ake caji, ka nemi hoton rubutun da ke jikin cajarsa kafin ka biya. Idan ka ga an rubuta 100-240V da 50/60Hz, to zai yi aiki a ko'ina, kuma yawancin injunan caji na manyan kamfanoni haka suke. Idan kuwa 120V kaɗai aka rubuta, saka shi a soket ɗinmu sau ɗaya ya isa ya ƙone shi, kuma babu mai sayarwar da zai biya ka wannan.

Kilifa mai waya, wadda ba ta da batir, ita ce ta fi rikitarwa. Da yawa daga cikin shahararrun kilifofin Amurka na Wahl da Andis ba mota mai juyawa ce a cikinsu ba, maganaɗisu ne yake jan wani hannu na ƙarfe yana sakinsa daidai da kai-komon wutar, tare da sifirin da aka auna domin wannan saurin. A kan 60Hz haƙorin yakan motsa sau 7,200 a minti, a kan 50Hz kuma sau 6,000. Na'urar rage ƙarfin wuta za ta mai da 230V zuwa 120V, amma ba ta taɓa yawan kai-komon. Sakamakon shi ne kilifar da take ruri kamar za ta tsage, tana zafi a hannu, tana cizon gashi maimakon yanke shi. Ana kawo mini irinsu, in juya sukurun da ke gefe in ɗan rage ƙarar, amma ba ta komawa yadda aka ƙera ta. Kamfanonin suna yin samfurin da ya dace da 230V da 50Hz domin kasuwar Ingila da Turai, kuma shi ya kamata mai son kilifa mai waya ya nema.

Wannan ya shafi tsarabar alhazai ma. Saudiyya ƙarfin wutarta ya yi daidai da namu, soket ɗinta ma irin namu ne mai ƙafa uku, amma tana kan 60Hz, saboda haka kilifar maganaɗisu da aka ƙera domin kasuwarta za ta iya zuwa nan ta sauya murya. Dubai kuwa 230V ce a kan 50Hz da soket irin namu, abin da aka saya a can ba shi da wannan matsala.

Maganar fulogi ta fi sauƙi, amma a kula. Shafuka irin su AliExpress sukan ba ka zaɓi tsakanin na Amurka, na Turai da na Ingila. Mai zama a Nijeriya ko Gana na Ingila zai zaɓa, mai zama a Nijar kuma na Turai mai zagayayyun ƙafafu biyu. Abin mamakin shi ne injin askin da aka saya a Ingila kanta yakan zo da fulogi mai ƙafa biyu, domin a can soket na musamman suke da shi a banɗaki, don haka sai ka haɗa da adafta. Al'adar nan ta cusa murfin biro a ramin sama domin a tura fulogi mai ƙafa biyu da ƙarfi tana buɗa bakin soket, wuta ta riƙa tartsatsi, caja ta mutu tun ba ta tsufa ba.

Sannan ka yi tunanin halin wutarmu. Injin da aka yi domin a wanke shi ko a yi aski da shi a wurin wanka, galibi an hana shi aiki yana jone da wuta saboda kariya, ke nan idan batir ya ƙare sai ka jira. Masu kyau sukan cika cikin awa ɗaya su ba ka aski na minti 45 zuwa 60, wasu ma cajin minti biyar yana isar aski ɗaya, yayin da masu araha da yawa suke buƙatar awa takwas. Wanda unguwarsa ba ta samun wutar awa takwas a jere ya san abin da wannan yake nufi. Shi ya sa na fi son injin da ake caji da wayar USB, domin fawa bank ko ƙaramar sola za ta cika shi, kuma idan wayar ta ɓata ba sai an yo odar wata ba, muddin bakinta irin na wayar hannu ne.

Farashin da ke kan allo

Lambar da ka gani a ƙarƙashin hoto mafarin lissafi ce kawai. A kanta za ka ɗora kuɗin dako, da bambancin canji tsakanin abin da ka ji a bakin 'yan canji da abin da banki ko katin dala zai cire maka, da ladan da masu katin suke ɗauka. Tsakanin 2022 da farkon 2023 yawancin bankunan Nijeriya sun dakatar da amfani da katin naira a shafukan waje, a tsakiyar 2025 kuma wasu suka dawo da shi tare da iyakar abin da za a iya kashewa, saboda haka ka tambayi bankinka halin da katinka yake ciki kafin ka zaɓi kaya. AliExpress da Temu suna nuna farashi da naira kuma suna kawowa har Nijeriya. Amazon kuwa ba kowane kaya yake aikowa nan ba, wanda yake aikowa kuma yakan haɗa kuɗin dako da ajiyar kuɗin fito tun wurin biya, har wani lokaci jimillar ta kusa ninka kuɗin ƙaramin inji.

Idan ta hannun masu dakon kaya za ka bi, waɗanda suke ba ka adireshi a Amurka ko Ingila ko Guangzhou su tattaro su kawo, ka sani ba nauyin sikeli kaɗai ake biya ba. Kamfanonin dako suna auna girman kwali ma: tsawo sau faɗi sau tsayi da santimita, da yawansu su raba da 5,000, duk wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin gaske shi za a caje ka. A ce kwalin yana da santimita 25 da 20 da 16, lissafinsa kilo 1.6 ke nan ko da abin da ke ciki bai kai kilo ɗaya ba. Injunan da suke zuwa da tukunyar wanke kansu su suka fi faɗawa wannan tarko, ga shi kuma ruwan wankin na wasu kamfanoni yana da sinadari mai kama wuta wanda ba kowane mai dako ne yake yarda ya ɗora shi a jirgin sama ba. Ni ban ga amfanin tukunyar nan ga mai zama a nan ba, famfo da ɗan buroshi sun wadatar. Batirin lithium shi ma yana da ƙa'idojinsa a jirgi, ya kamata ka gaya wa mai dako cewa kayanka yana da batir tun kafin ka biya.

Game da kwastam, tun watan Satumbar 2025 hukumar ta sanar da cewa ƙananan kayan da kuɗinsu bai wuce dala 300 ba an yafe musu harajin shigowa, har sau huɗu a shekara ga mutum ɗaya, kuma injin aski ɗaya da wuya ya haura wannan. Yafewar ba ta shafi ladan da gidan waya ko kamfanin kawo kaya zai nema na hidimarsa ba. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa, don haka a duba matsayinsu a ranar saye. Ka kuma rubuta lambar wayar da kake ɗauka a kowane lokaci, domin a garuruwanmu da waya ake nemo mai kaya, ba da lambar gida ba.

Wane ne mai sayarwar

Tsoronka na jabu yana da tushe, sai dai intanet ba mafaka ba ce daga gare shi, domin masana'antun da suke cika kasuwanninmu da jabu su ne dai suke sayarwa a can. Waɗannan manyan shafuka kasuwanni ne, kowa da rumfarsa. Ko a Amazon, sai ka duba wurin da aka rubuta "Sold by" da "Ships from" domin ka san ko kamfanin ne da kansa, ko Amazon, ko wani ɗan tireda da ba a san shi ba. A AliExpress ka duba shekarun da rumfar ta yi, da yawan wanda ta sayar na wannan samfurin, sannan ka tsallake yabon masu tauraro biyar ka karanta ƙorafin masu ɗaya da biyu, musamman waɗanda suka saka hoto bayan sun yi wata da watanni suna amfani da shi. Ma'auni mafi sauƙi kuwa shi ne farashi. Injin da ake sayarwa sama da dala 200 a ko'ina, idan ka gan shi a dala 30 da sunan rangwame, ba rangwame ba ne.

An taɓa kawo mini wani da aka saya a irin wannan farashi, ɗauke da sunan wani babban kamfani, kwalinsa har da hatimi mai ƙyalli. A hannu yana da nauyi kamar na gaske. Da na kwance sukurorin bayansa sai na tarar da guntun ƙarfe an manne shi da gam a cikin gindin, ba ya haɗe da komai, aikinsa kawai ya ƙara nauyi. Batirin ɗan ƙarami ne ba shi da rubutu ko ɗaya, lambobin da suke nuna yawan caji a fuskar injin kuma ba su da alaƙa da shi, suna sauka ne da lokaci kawai. Babu zoben roba ko ɗaya da zai tare ruwa, alhali an buga IPX7 a jikin kwalin, alamar da take nufin inji zai jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya har minti 30. Abin da ya fi damuna shi ne ragar, domin da na ɗaga ta a hasken taga sai na ga gefen hujojin da kaushi, ba a goge su ba, kuma wannan ne yake kankare fatar mai shi kullum yana zaton fuskarsa ce ba ta son inji.

Ya kamata a bambanta wannan da kayan Sin masu araha da suke zuwa da sunansu na kansu, irin su Kemei da VGR. Waɗannan ba su yi maka ƙaryar ko su wane ne ba, kuɗinsu kaɗan ne, kuma masu aski da yawa da su suke neman abinci. Sai dai sun cika kasuwa a nan, daga Sabon Garin Kano har Alaba ta Legas, inda za ka kunna inji ka ji ƙararsa, ka gwada shi a gashin hannunka, ka dawo da shi gobe idan ya ƙi. Ribar yo odar irinsu daga waje ba ta taka kara ta karya ba idan aka haɗa da jiran makonni. Oda tana da ma'ana ne idan wani takamaiman samfuri kake so na babban kamfani wanda ka nema a wurin dillalai na gari ka rasa, ko ka samu da tsada mai yawa.

Garanti da baki

Manyan kamfanoni sukan ba da garantin shekara biyu, amma ka ɗauka cewa ba ka da shi. Cin moriyarsa yana buƙatar rasit da wurin gyara da kamfanin ya amince da shi, sau da yawa a ƙasar da aka sayi kayan, kuma kuɗin mayar da inji Amurka ko Jamus ya isa ya sayi wani. Ko a can ma garanti ba ya ɗaukar raga da wuƙaƙe, domin an san masu ƙarewa ne.

Wannan shi ne abin da nake so ka fi riƙewa. Braun ya ce a canza raga da wuƙa duk wata 18, kuma gashi mai kauri da ƙurar da muke ciki suna iya rage wannan wa'adi. Raga kuma siririya ce ƙwarai, faɗuwa ɗaya a kan siminti tana iya huda ta, hudajjiyar raga kuwa yanka take yi. Kowane samfuri yana da lambar bakinsa, misali 32B na Braun Series 3, ko SH30 da SH50 na wasu injunan Philips, kuma ba kowane baki ne yake shiga kowane inji ba. Kafin ka biya kuɗin inji, ka nemo lambar bakinsa, ka ga nawa ne, ka ga ko ana samunsa a Nijeriya. Idan kuɗin bakin ya kai rabin na injin kuma sai an yo oda, ka san abin da ka shiga. Idan ka yanke shawarar saye duk da haka, ka haɗa da baki ɗaya na ajiya a cikin oda guda domin dakonsu ya zama ɗaya. A nan ma kilifa ta fi sauƙin riƙo, domin haƙoranta ana wasa su, ana daidaita su, ɗigon man kilifa bayan kowane aski kuma yana ƙara musu shekaru. Man gyaɗa ko man girki da wasu suke zubawa yana daskarewa ya riƙe haƙoran, a guje shi.

Batir shi ne abu na biyu mai ƙarewa. Injin da ya daɗe a ajiye a sito yakan zo da batirin da ya riga ya raunana, wanda shi ne sirrin arahar wasu tsofaffin samfura. Zafi ma yana cin batirin lithium, saboda haka barin inji a cikin mota da rana ko a jikin taga yana rage masa kwana.

Abin da zan yi da ni ne kai

Zan fara da ƙaramar kilifa mai caji ta USB, in saye ta a nan gida inda zan gwada, in yi wata guda ina amfani da ita ina lura da wuyana. Idan ƙurajen sun kwanta, magana ta ƙare da kuɗi kaɗan. Idan kuma aikinka yana buƙatar fuska sumul, ko ka gwada ka ga kana son abin da ya fi wannan, to sai a yi maganar oda, kuma hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce ɗan'uwa ko aboki mai dawowa daga Ingila ko Dubai ya saya maka a shago sananne ya riƙo rasit, tunda wutarsu irin tamu ce. Idan babu wannan, sai rumfar kamfanin ta kansa a shafin, da biya ta cikin shafin. Duk mai sayarwar da ya ce ku koma WhatsApp ka tura masa kuɗi kai-tsaye domin ya rage maka, yana fitar da kai ne daga inuwar da za ka iya kai ƙara.

Ranar da kayan ya iso, ka ɗauki bidiyo tun daga kwalin a rufe, takardar adireshi tana fitowa, har ka buɗe ka kunna, ba tare da yankewa ba, domin ita ce hujjar da ake karɓa idan an sami saɓani. A AliExpress wa'adi ƙayyadadde kake da shi bayan an tabbatar da karɓa domin shigar da ƙorafi, don haka kada ka ajiye inji sai sallah. Ka cika cajinsa, ka kunna shi ka bar shi yana aiki kana duba agogo ka ga ko zai kai kusan mintunan da aka rubuta, ka ɗaga ragar ko haƙoran a haske ka duba, ka kuma gwada lambar samfurin da ke jikinsa da wadda ke kan kwali da wadda ka biya. Waɗannan su ne abubuwan da za a iya mayar maka da kuɗi a kansu. Rashin jituwar inji da fatarka ba ya cikinsu, kuma kamfanonin da kansu suna cewa fata takan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin ta saba da sabon inji, wato lokacin da za ka san gaskiyar wannan, wataƙila wa'adin ƙorafi ya riga ya wuce. A cikin waɗannan makonni ka riƙa aski a kan busasshiyar fata mai tsabta idan injin ba na ruwa ba ne, kada ka ja fatar ka miƙe ta, kada ka danna, kuma kada ka riƙa komawa kan reza a tsakani.